Bangon da Na Zana wa Mama

Har yau takardar zanen tana ƙasan akwatina, a naɗe, na ɗaure ta da roba. Sau biyu ina ɗauko ta da niyyar yagewa, sai in buɗe, in ga layin nan mai kauri da na ja tsakanin kicin da wurin cin abinci, raina ya sake ɓaci sabo fil. Bango ne fa kawai, bulo da siminti, tsawonsa bai kai taku goma ba. Daga baya na zana gidaje, na zana makaranta mai bene, amma babu aikin da ya tsaya mini a wuya irin wannan.

Mama mai sayar da abinci ce. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, amma a Abakpa, cikin garin Kaduna, aka haife ni, nan na girma. Ko lokutan da gari ya rikice, 'yan'uwa suka kwashe kaya suka haye gada zuwa wancan ƙetaren kogi inda Kiristoci suka fi yawa, Mama cewa ta yi ita babu inda za ta. Babanmu ya rasu ina aji uku a firamare, da tukunya ta riƙe ni har na gama jami'a. Rumfar kwano ce da ita a bakin hanya wajen Unguwar Sarki, kusa da ofisoshin gwamnati, ta fi shekara ashirin a wurin. Tuwon shinkafa, miyar kuka, miyar taushe, shinkafa da wake, farfesun kayan ciki. Masu cin abincinta kusan duka Musulmi ne, ma'aikata, tun daga masinja har darakta. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Murhunta uku a gaban rumfar suke, dab da hanya, rana ta dake ta, hayaƙi ya cika mata ido. Mutum zai zo ya tsaya a kan tukunya ya nuna tsokar da yake so, ta kamo masa da ludayi. A tsaye take yini. Akwai wata ƙa'ida tata da ba ta taɓa karyawa: mai abinci ba ta zama idon baƙo yana kanta. Ko da mutum ɗaya ne ya rage a benci yana suɗe kwano, Mama tana tsaye. Sakamakon haka kuwa na gan shi da idona. Gwiwoyinta suka lalace, ƙafafun suka riƙa kumbura har takalmi ya ƙi shiga, jijiyoyi suka fito mata raɗa-raɗa a ƙwauri. Likita ya ce ta rage tsayuwa, in ba haka ba wata rana ƙafar za ta ƙi ɗaukarta gaba ɗaya. Ta ce masa to, muka fito, ta ce mini wannan yaron bai taɓa sayar da tuwo ba.

Ni zanen gine-gine na karanta, kodayake duk garin nan Injiniya ake ce mini, na gaji da gyara wa mutane. Shekara biyu da fara aikina mai filin da rumfar take ya tashi gina bene mai shaguna. Mutumin kirki ne, bai kori Mama ba. Ya ce akwai ɗaki a ƙarƙashin benen, an haƙa shi cikin ƙasa don ajiye kaya, babu wanda ya so shi, in tana so ta karɓa.

Ranar da muka sauka duba shi, warin danshi ne ya fara yi mana maraba. Rufin kankaren in dogo ya ɗaga hannu sai ya taɓa. Ginshiƙai biyu sun tsaya ƙiƙam a tsakiya. Tagogi biyu ne kacal, sirara, can sama daidai da titi, ba a ganin komai ta cikinsu sai ƙafafun mutane da tayoyin keke. Mama ta ce, "Nan ai sai ɓeraye." Ni kuwa zuciyata tsalle take yi, domin na ga inda a ƙarshe zan zaunar da uwata.

Wata uku ban yi tunanin komai ba sai wannan ramin. Daɓensa ya fi kwatar titi ƙasa, ruwa kuma ba ya hawa sama don an roƙe shi, sai na sa aka haƙa rami a kusurwa aka saka injin tura ruwa waje. Aka kankare tsohuwar filasta aka yi sabuwa mai hana lema. Na faɗaɗa matakala, na rage tsayin kowane taki saboda dattawa, na sa ƙarfen riƙewa. Farin fenti sama, tayil mai ruwan ƙasa-ƙasa a daɓe. Ginshiƙan nan biyu na kewaye su da benci, suka zama kamar da gangan aka yi su. A gindin matakala na jera famfo uku na wanke hannu, da dakali mai famfo biyu na alwala. Na je har masallacin layin na roƙi liman ya sauko ya nuna mini alƙibla, don a ƙarƙashin ƙasa mutum ba ya sanin gabas da yamma, na ware wurin salla mai cin mutum shida. Bandakin ma sai da na juya shi, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ce ban san mutanen da nake yi wa aiki ba. Tare muka girma, na san su, ko in ce na ɗauka na san su.

Sannan bangon. A takarda dalilinsa zafi ne da hayaƙi: wuri ne mai ƙarancin iska, dole a killace kicin, a sa fanka mai zuƙe tururi ta fitar da shi ta baya. Wannan gaskiya ne. Amma ainihin dalilina kujera ce. Na san muddin ana ganin Mama ba za ta zauna ba, to sai in ɓoye ta. Na bar wata 'yar taga daidai ƙugu, wadda kwano kawai zai wuce. A bayan bangon na sa aka yi murhun gas ƙasa-ƙasa yadda za ta iya juya miya daga zaune, tuƙin tuwo kuma matan nan biyu da suke taya ta aiki su yi. Na auna ƙafarta da tef daga gwiwa zuwa diddige, na kai wa kafinta, ya yi mata kujera mai hannu da majingina, da wata 'yar ƙarama mai katifa ta ɗora ƙafa. Na kuma yi ƙaramar matakala ta baya inda nama da kayan miya za su riƙa shigowa, kada a ratsa masu cin abinci da ɗanyen nama. Haka aka koya mana a makaranta.

Da na shimfiɗa mata zanen a tsakar gida, ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan layin nan mai kauri.

"Wannan fa?"

"Bango ne, Mama."

"To su mutane ta ina za su ga tukunya?"

Na yi dariya. Allah ya gani, dariya na yi. Na ce, "Mama, tukunya za su ci ko abinci? Shekara ashirin suna cin girkinki, me ya rage ba su gani ba?"

Ta ɗaga kai ta dube ni, kamar za ta yi magana, sai ta ce, "To. Ke kika yi karatu."

Ranar buɗewa wuri ya cika har matakala. Ana ta sa albarka, ana cewa kai, wa zai ce a cikin ƙasa muke. Ni ba su nake kallo ba. Na leƙa kicin na ga Mama a zaune, ƙafa a miƙe kan 'yar kujerar, fanka tana kaɗa mata, ta ture ɗankwali baya tana ba matan nan umarni. Na fita ta matakalar baya na share hawaye. Cikin sati uku kumburin ya saɓe, har ta sa takalminta na coci da ta yi shekara biyu ba ta taɓa ba.

Daga nan masu cin abinci suka fara ɗauke ƙafa. Ba lokaci guda ba, a hankali. Teburin 'yan ofishin kaza yau babu mutum biyu, jibi babu huɗu. Waɗanda suke zuwa ma sai suka canza ci. Mutumin da na sani tun ina yarinya ba ya cin tuwo sai da tsoka uku, yanzu sai ya ce shinkafa da wake, mai da yaji, shi ke nan. Wani ya ce a ba shi dafaffen ƙwai. Farfesun kayan cikin da a da kafin azahar an kankare tukunya, sai ya kai la'asar yana nan. Ni da kaina na shiga zargin aikina. Na ce ko zafi ne, na ƙara fanka. Na ce ko duhu ne, na ƙara fitilu, na kafa madubi a bango don wuri ya buɗe. Na ce ko matakala ce take wahalar da dattawa, na sake auna ta, lafiya lau. Ina ta zagaye da tef kamar wata taɓaɓɓiya, Mama tana kallona ta 'yar tagar nan.

Mahaucinmu ne ya fasa mini ƙwan. Dattijo ne daga Unguwar Shanu, shi yake kawo wa Mama nama tun ranar da ta fara sana'a. Wata safiya na gamu da shi a matakalar baya yana saukowa da tire a ka. Bayan mun gaisa ya sauke tiren ya ce, "Injiniya, in faɗa miki wata magana ba za ki ji haushi ba?"

Na ce ya faɗa.

"Da can, ta ina nake shigowa?"

"Ta gaba mana, Malam. Rumfa ai ba ta da baya."

"Yauwa. In na zo, Mama ba ta barina in tafi. Sai ta zaunar da ni a bencin gaba ta ba ni koko, tire yana gefena a buɗe, daidai lokacin da ma'aikata suke wucewa ofis. Kowa ya gan ni, kowa ya ga nama. Da rana su dawo su ga naman nan a tukunya, su ga hannun da yake zubawa. Yanzu kin bi da ni ta bayan gida, kin kuma rufe tukunya. Mutane suna tambayar wa yake yanka."

Da farko ban ma gane ba. Da na gane, sai raina ya ɓaci. Na ce, "Wa yake yanka? Malam, Mama suke tambaya a kai? Mama?"

Ya ce shi ma abin ya ƙona masa rai. Har a ƙofar masallaci ya tsaya ya rantse musu cewa shi ne dai yake kawowa, babu abin da ya canza. Suka ce sun yarda, amma dai. "Wannan amma dai ɗin," in ji shi, "ita ce ba ni da maganinta."

Ban koma ofis ba ranar. Na zauna a bencin ginshiƙi na cika na batse, ina jiran wanda zan sauke wa. Allah ya kawo Alhaji. Tsohon ma'aikaci ne, daga cikin mutanen farko da suka fara cin abincin Mama. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare shi ya saya mini akwatin lissafi mai kamfas a ciki, da shi na fara zana da'ira a rayuwata. Da Babanmu ya rasu har gida ya zo gaisuwa. Baba nake ce masa. Ya sauko yana riƙe da ƙarfen da na sa domin irinsa, ya wanke hannu a famfon da na sa, ya zauna, ya ce a ba shi shinkafa da wake.

Na je na tsaya a kansa. Na ce, "Baba, ba nama?"

Ya ce, "'Yata, haƙora ne."

"Haƙora? Ran Juma'a na gan ka wajen mai balangu, haƙoran aro ka yi? Baba, ka faɗa mini gaskiya. Me kuke tsammani uwata tana dafawa a bayan bangon nan?"

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Subhanallahi. Ban taɓa zargin mahaifiyarki ba, Allah ne shaida."

"To me ya hana ka cin namanta?"

Ya dubi tebur. Can ya ce, "Ido ne ya saba. Kuma akwai yara sababbi a ofis, ba su san ta ba. Da in sun tambaye ni, sai in ce je ka duba da idonka. Yanzu in sun tambaya ba ni da abin da zan nuna musu. Tun ina ba su amsa har ni ma abin ya fara yi mini nauyi."

Kai! Da ƙarya ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Ashe shekara ashirin ɗin nan ba yarda ba ce, gadi kuke yi! Kuna ce mata Mama, kuna leƙa mata tukunya. Na kira liman ya nuna mini alƙibla, na juya muku bandaki, na yi muku wurin alwala, ita kuma kujera ɗaya tak da na yi mata ita ce ta tsone muku ido? Matar nan ƙafarta ta kusa mutuwa a kanku!"

Muryar Mama na ji ta 'yar tagar, a hankali amma da kaifi. "Ke. Zo nan."

Na shiga kicin. Ta sa matan nan biyu suka fita. Ta ce, "A gabana za ki tsaya kan babba kina ɗaga murya? Haka na rene ki?"

Na ce, "Mama, kin ji abin da suke faɗa kuwa?"

"Kin ɗauka yau na fara ji?" Ta sauke ƙafarta daga kan 'yar kujerar. "Ke a tunaninki don ina son rana na kafa murhu a bakin hanya? Akwai inuwa a bayan rumfar nan, bishiyar mangwaro ce ma. Kin taɓa gani na yi girki a can? Kin taɓa gani na rufe tukunyar nama lokacin da mutane suke wucewa? Mahaucin nan da nake ba koko kullum, kin ɗauka ba shi da koko a gidansa? Ni na tsara haka tun ranar farko. Ke kina zana naki a takarda, ni nawa a ka yake."

Sai wani sabon haushin ya taso, wannan karon nata. "To da na nuna miki zanen me ya hana ki faɗa mini?"

"Na tambaye ki, kika yi dariya." Ta shafa gwiwarta. "Kuma na so in gwada. Na ce ko shekarun sun isa. Ni ma ai ina son zaman."

Wannan maganar ce ta fi ƙona ni. Na ce to su tafi, Allah ya raka taki gona, mu kwashe mu koma ƙetaren kogi inda babu wanda zai tambayi abin da ke cikin tukunyarta. Ta yi tsaki. Ta ce, "Can ɗin mala'iku ne? Gwaggonki da ke can, in maƙwabta suka aiko mata naman Sallah, ina take kai shi? Ba bola ba? Ko kin manta ranar da na ci mata mutunci a kai? Garin nan kowa da irin tasa. Ni a nan aka san ni, kuma mutumin da kika yi wa tsawa yanzu, da gari ya rikice shi ya tsaya a ƙofar rumfata ya ce babu mai taɓa ta. Ba ki san wannan ba, ko? To yanzu kin sani. Ki je ki ba shi haƙuri, sannan ki fasa mini bangon nan."

Haƙuri na ba shi, don ta sa ni, kuma don kunya ta kama ni da na ji abin da ya yi. Amma bango na ce ba zan fasa ba. Na ce ƙafarta fa? Na ce likita fa? Sati guda muna gida ɗaya, gaisuwa kawai take haɗa mu. Na kawo mata dabaru iri-iri. A sa gilashi daga sama, ta ce daga zaune ba za a gan ta ba sai tukwane, kuma ita ake kallo. A dawo da mahauci ta gaba a bar bangon, ta ce rabin magani ke nan. A rubuta a allo cewa yankan Musulmi ne, ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin ban rubuta ba, sai yanzu zan rataya takarda kamar wadda aka kama?"

Ranar Asabar da safe ɗaya daga cikin matan kicin ta kira ni a waya ta ce in zo maza. Na tarar Mama ta kira magini da kanta. Ta ɗauki gawayi ta zana masa inda zai fasa, wani karkataccen layi da ya haura har jikin kankaren da yake riƙe da bene. Mutumin yana tsaye da guduma yana jiran a ce bismillah. Na daka masa tsawa na ce in ya taɓa wurin nan sai na sa an kama shi, so yake ya rufto mana da shaguna a ka? Mama ta miƙo mini gawayin ta ce, "To ungo. Yi yadda ya kamata."

Ta san abin da take yi, wallahi ta sani. Na karɓa. Da hannuna na ja layin, da tef da ma'auni, daga ginshiƙi zuwa kusurwa, daga ƙugu zuwa ƙasan kankaren nan mai riƙe da bene. Ina ja ina zagin garin nan a zuciyata, gaba ɗayansa, wannan ƙetaren da wancan. Da guduma ta fara sauka na haura sama na tsaya a bakin titi, ina jin kowane bugu ta tafin ƙafata. Na ƙara wa fankar zuƙe tururi ƙarfi, na sa aka shimfiɗa dutse mai santsi a bakin wurin da aka fasa, aka ɗaga murhu sama yadda tukwane za su fito fili. Tunda za a yi, ban yarda a yi shi da muni ba.

Na bar wani ɗan lungu a kusurwa inda ragowar bango ya kare, na tura kujerar can, na ce ko minti biyar-biyar ta riƙa fakar idon mutane tana zama. Ta ce, "In na shige lungu me aka yi ke nan? Fitar da ita, tana tare mana hanya." Aka fitar da ita, da 'yar ƙaramar, aka ajiye a gindin matakala kusa da wurin alwala.

Ranar Litinin mahauci ya shigo ta gaba, ya zauna a bencin ginshiƙi da kofin koko, tire a buɗe. Kafin sati biyu wuri ya koma cika. Farfesu yana ƙarewa kafin azahar. Babu wanda ya ce komai, babu wanda ya ba wa kowa haƙuri, sai ka ce tafiya suka yi suka dawo. Abin da ya ƙara tunzura ni, abokan aikina suka riƙa zuwa suna ɗaukar hoto, wai buɗaɗɗen kicin, wai haka ake yayi yanzu a manyan birane, wai na yi basira. Wani har cewa ya yi in ba shi zanen. Na ce ba ni da shi.

Kumburin ya dawo cikin wata guda. Takalmin coci ya koma ƙarƙashin gado. Yanzu in ta dawo gida da yamma sai na riƙe ta kafin ta sauko daga keke mai ƙafa uku, in dafa ruwa in gasa mata gwiwa, in shafa man zafi. In na fara mita sai ta ce in yi mata shiru, kaina take ji.

Kwanan baya na biya da rana. Alhaji ya riga ni, ya tsaya a bakin dutsen nan ya nuna tsoka uku da yatsa, Mama ta kamo masa tana tsokanarsa wai haƙora sun warke, suka yi dariya. Da ya gama ci ya yi alwala ya yi salla, ya zo sa takalmi. Ya zauna a kujerar, ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan 'yar ƙaramar mai katifa, ya sauke numfashi. Ya hango ni ya ce, "Injiniya, kin iya aiki. Wannan kujera akwai daɗi, kamar an auna mutum. Ta dattawa ce kika yi mana?"

Na ce, "Ta Mama ce, Baba."

Ya tsaya da takalmi a hannu. Ya juya ya dubi kicin, ni ma na duba. Mutum huɗu ne a layi. Mama tana tsaye da ludayi, ta dafa dutsen da hannun hagu, ta ɗage ƙafar dama kaɗan daga ƙasa, tana tambayar na gaba wace tsoka yake so.